Taka, Riƙe, Saki

Garejin Baba na bayan Kasuwar Dole,
rumfar kwano da bedi guda.
Ran nan Tsahiru ya tafi Mirya suna,
sai aka ɗauko ni daga bakin wanke-wanke,
da sauran kumfa a hannuna.
"Zauna nan, Rakiya. Ƙafarki kawai nake so."

Motar Malam Kalla ce, mai kai barkono Tanut.
An sauya mata muƙamuƙin birki na gaba,
ƙarfen nan da ke cizon faifai,
wanda Baba ke kira etiriye
da Faransancin da ya tsinta a ƙarƙashin motoci.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe!"
Na riƙe.
Kile mai lamba takwas ya juya,
mai ya tsarto cikin tsohuwar kwalba.
"Saki."
Na sake takawa, feda ta nutse har ƙasa
kamar na taka gwanda da ta wuce nuna.

Muka fara daga taya mai nisa,
ta baya, hannun dama, yadda aka saba.
Muka zagayo huɗu, muka sake zagayowa.
Baba ya leƙa tukunyar mai, ba ta ƙafe ba.
Ya bi tiyo da yatsa kamar mai laluben ƙaya,
bai sami danshi ba.
Ya ƙara ɗaure wasar jan ƙarfe,
ya ce Tsahiru ne ya tafi da sa'a a aljihu.

Azahar ta wuce mu.
Duwatsun Birni suka ɗau zafi suna mayar mana.
Gwangwanin mai na biyu ya ƙare,
jikka uku sun bi ƙasa.
Malam Kalla na zaune kan tsohuwar taya
yana tauna asuwaki kamar shi ya yi masa laifi.
"Ko uwar birkin ce ta mutu?" in ji shi.
Baba bai amsa ba.
Na san shirun nan, na lissafin kuɗi ne.

Cinyata ta fara rawa.
Na fito in miƙe, na tsuguna gefen hagu,
sannan na zaga dama, don kawai in ga
abin da nake yi wa wahala tun hantsi.
Na tsohon, ɗan bakinsa na kallon sama.
Na sabon, yana kallon yashi.

Ni ban san mota ba.
Amma shekara nawa ina bin layin famfo
da jarka ashirin-ashirin tun asuba?
Na san inda kumfa ke zuwa in ruwa ya shiga.
Ba ta taɓa neman gindi ba.

"Baba," na ce, ƙasa-ƙasa, don kada baƙo ya ji,
"in ƙofa tana ƙasa,
ta ina iskar da ke sama za ta fita?"

Ya dube ni. Ya dubi ƙarfen.
Ya juya kwalin da aka kawo shi ciki:
harafin hagu ne, mun ɗaura a dama.
Ya share goshi da bayan hannu,
baƙin mai ya zauna inda gumi ya tashi.
Bai ce na yi gaskiya ba.
Cewa ya yi, "Ɗauko mini hulata."

Ya hau babur ya koma wurin mai kaya,
ya dawo bayan la'asar da ɗan'uwan wancan.
"Taka. Riƙe."
Sai kumfa, tsit, tsit, kamar tsakin tsohuwa,
ɗaya, biyu, bakwai,
sannan mai zalla, siriri, ba yankewa.
Na taka. Feda ta tsaya a rabin hanya,
ta ture ni kamar akuyar da ta ƙi shiga gida.

Da dare ya aiko mini da tsire a takarda,
ba saƙo.
Da safe na fito, na iske kile mai lamba takwas
a kan takalmina.